Na kai su Babe Ruth shagon buga fileks a Katsina

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aski a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma duk wanda zai hau kujerata sai ya tuɓe hula. Saboda haka na san hulunan Katsina fiye da masu sayar da su. In ka ware zanna-bukar ta manya, wadda ta fi yawan sauka a kan teburina ita ce hana-sallar nan mai duhu da aka sarƙa N cikin Y a goshinta. Ɗan acaɓa na da ita, ɗalibi na da ita, mai cajin waya na da ita. In na tambayi mai ita ko ya san tambarin mene ne, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ce New York, ko ya ce ai kamfani ne. Ba na yi wa kowa dariya, don ni ma a nan nake kafin ƙanina ya tafi Amurka.

Tasi yake ja a Bronx, unguwar da filin wasan Yankees yake, wato ƙungiyar ƙwallon besbol mai wannan tambari. Shi ya riƙa turo mini guntayen bidiyo. Da farko gogewa nake yi don kada su cika mini waya, daga baya na fara tambaya, yanzu abin ya zame mini jaraba. Wasan da aka take da ƙarfe 7 na yamma a can, sha biyun dare ne a nan, ga shi kaka guda wasa 162 ce. Uwargida ta yi faɗan har ta gaji.

Bangon shagona ne ya jawo wannan labari. Fostar Messi da Ronaldo ce a jikinsa tun tuni, rana ta cinye ta har su biyun sun koma shuɗaye, ga musun da take haddasawa kullum. Wani lokaci ina riƙe da reza a wuyan mutum, shi kuwa yana ƙoƙarin juyowa ya mayar wa wani martani. Na ce bari in sauke ta in ɗora abin da ba wanda zai iya ja da ni a kansa: gwanayen Yankees na tarihi, kowane gurbi da mai shi.

Ba zan kama sunan shagon da na kai aikin ba, don a cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, mai shagon kuma dattijon kirki ne da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Shago biyu ne aka fasa bangon tsakiya aka haɗe. A ɗaya akwai injin fileks, dogo, ya ci rabin ɗakin, kansa na kai da komowa yana feshin tawada, warinta kuwa sai ya hau maka kai kafin ka saba. A ɗayan kwamfuta uku ce da injin dannawa mai zafi na riguna. Ko'ina ka duba aikin mutane ne jingine: kalandar biki, sitikar saukar Alƙur'ani, allon makarantu, har da naɗaɗɗun hotunan 'yan takara da ba a zo an karɓa ba tun zaɓen 2023. Da ƙafa suke auna farashi. Ni an yi mini naira 500 kowace ƙafa, nawa kuma ƙafa 8 ne a tsawo, 4 a faɗi, ya kama 16,000. Zane 4,000. Na kuma kai riguna biyu da na tsinta a gwanjo, farare masu siraran layuka irin na Yankees, a buga musu lamba a baya, 1,500 kowace. Na ba da kafin alƙalami 15,000, aka ce in dawo ranar Alhamis.

Abu na farko da ya burge ni shi ne ba su karɓi takardata sun sallame ni ba. Alhaji ya sa aka jawo mini kujera kusa da yaron da ke zane, wanda ba zai wuce shekara ashirin ba.

"Kawu, mutum nawa ne?"

Na miƙa masa takarda. Suna 25 ne a ciki, kusan wata guda muka yi muna tace su da ƙanina ta waya. Ya dubi takardar, ya dubi awon, ya girgiza kai.

"Wallahi Kawu in muka zuba su duka, kan kowa zai koma kamar ƙwayar gujiya. Daga kujerar aski ba mai gane fuska. Sha biyu ne iyaka, in ana son suna da lamba su fito."

Wani da karɓar kuɗinsa zai yi ya cusa su, in zo in ga shirme. Wannan ya gaya mini gaskiya tun kafin a ɓata leda. Sai dai gaskiyar tasa ta jefa ni cikin aiki, don dole in yar da mutum 13 a zaune a wurin. Da ya tambaye ni ko mutum nawa ke shiga fili, na juya rasit na zana masa. Zango huɗu ne, ƙafa 90 tsakanin kowane biyu. Mai jifa na tsaye a tsakiya yana wurgo ƙwallo, mai bugu ya kai mata duka da kulki ya ruga, in ya zagaye zango uku ya dawo inda ya taso an ci maki ɗaya. In kuwa ƙwallo ta tsallake katangar fili, wannan shi ne homron, sai ya zagaya abinsa a tsanake. Masu tsaro tara ne: mai jifa, mai cafka da ke tsugune bayan mai bugu, huɗu a kan zanguna, uku can bayan fili. Ƙara mai bugu zalla wanda ba ya tsaro, da mai jifan da ake ajiyewa don rufe wasa, sun zama sha ɗaya. Na sha biyu koci.

"Ashe dai sha ɗaya ne da koci," in ji shi. "Kamar tamu."

Huɗu daga ciki ban ko tsaya tunani ba. Babe Ruth a bayan fili ta dama, mai homron 714, wanda ya buga 60 a kaka guda a 1927. Derek Jeter a gurbin da ke tsakanin zango na biyu da na uku, kaka 20 a riga ɗaya, bugu 3,465, kofin World Series biyar, wato babban kofin da ake ɗauka a ƙarshen kaka. Mariano Rivera mai rufe wasa, ɗan masunci daga Panama, wanda kusan jifa iri ɗaya ya riƙe rayuwarsa duka, kowa ya san shi zai yi, amma aka rasa yadda za a yi da shi, har ya rufe wasa 652. Shi ne mutum na farko da kowane mai ƙuri'a ya zaɓa ya shiga zauren gwarzaye na Cooperstown, a 2019. Jeter da ya biyo bayansa, ƙuri'a ɗaya tak ya rasa.

Na huɗu Lou Gehrig ne a zangon farko, kuma shi ne nawa a cikinsu duka. Wasa 2,130 ya yi a jere ba fashi, daga 1925 zuwa 1939. Ni da mura ke sa in rufe shago, wannan lissafi na ba ni kunya. Abin da ya tsayar da shi wata cuta ce mai kashe jijiyoyi, wadda har yau da sunansa ake kiranta a Amurka, ita ta yi ajalinsa a 1941 yana ɗan shekara 37. Sai a 1995 Cal Ripken ya wuce wannan adadi. Shigar Gehrig ita ta fitar da Don Mattingly, ban kuma yi wani dogon jimami ba. Tun shekarun 1970 Yankees ke da dokar hana tara suma da barin gemu, sai a farkon 2025 aka sassauta ta gemun, kuma Mattingly ne mutumin da aka taɓa zaunarwa a benci a 1991 don ya ƙi zuwa aski. Ka ga kuwa ba shi da hujjar neman alfarma a wurina.

Mai cafka ya ɗan ja ni. Bill Dickey da Yogi Berra duk lamba 8 suka sa, a 1972 aka jingine lambar da sunan su biyun. Dickey ne ya koya wa Berra sana'ar, amma almajirin ya ci kofi 10 yana ɗan wasa, ba wanda ya kai shi, ga kyautar gwarzon shekara sau uku. Gajere ne, ga kunnuwa, in ka gan shi a hoto ba za ka ce ɗan wasa ba ne. Shi na ɗauka. A zango na biyu na sa Tony Lazzeri, abokin wasan Ruth da Gehrig. Mai jifa Whitey Ford, nasara 236, ba wanda ya kai shi a tarihin ƙungiyar, duk da Ron Guidry ya yi wata kaka a 1978 da ya ci 25 aka ci shi 3 kacal. Kaka ɗaya dai ba ta ture shekara goma sha shida. Koci Casey Stengel: Joe McCarthy ma kofi bakwai gare shi kamar shi, amma biyar daga na Stengel a jere suke, 1949 zuwa 1953.

Inda na daɗe har yaron ya fita ya sayo ruwan leda ya dawo ya same ni, tsakiyar bayan fili ne. Gurbi ɗaya, zakara biyu. Joe DiMaggio ya yi kaka 13 ya ci kofi 9, shekara uku daga ganiyarsa, 1943 zuwa 1945, a aikin soja suka tafi. A 1941 ya yi wasa 56 a jere kowanne sai ya samu bugu mai kyau, har yau ba a kamo shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a lissafinsa, homron 361 ya buga, sau 369 kacal masu jifa suka fitar da shi da kuskure uku. Wanda ya san wasan ya san mai neman katanga yawanci iska yake duka. Mickey Mantle kuwa homron 536, da dama yake bugu da hagu, 18 daga bugunsa na World Series ne kawai, ban da waɗancan, kuma ba wanda ya kai wannan adadi.

Kaka ɗaya suka yi tare, 1951, ta ƙarshe ga DiMaggio, ta farko ga Mantle. Da yake babba na tsakiya, sai aka tura yaron dama. A wasa na biyu na World Series ɗin shekarar, Willie Mays ya ɗaga ƙwallo sama ta nufi tsakaninsu. Mantle, ɗan shekara 19, ya taho da gudu, sai ya ji DiMaggio ya ce tasa ce. Garin ya ja birki takalminsa ya maƙale a murfin magudanar ruwa da ke cikin ciyawa, gwiwa ta tafi. Duk abin da ya yi bayan nan, kaka 17, da wannan gwiwar ya yi shi. Ƙanina ya dage cewa Mantle ya fi, kuma in ana maganar kulki ban musa ba. Amma ni Bakatsine ne, ba a tayar da babba daga mazauninsa don yaro ya zo. DiMaggio ya zauna a tsakiya, na matsar da Mantle hagu. Karo na biyu ke nan ana matsar da shi saboda mutum ɗaya, Allah ya yafe mini.

Rigima ta gaske a zango na uku aka yi ta. Na kira ƙanina a nan cikin shagon, lokacin gari bai daɗe da wayewa ba a wurinsu.

"Yaya, wai Nettles za ka sa ka bar Alex Rodriguez? Mutumin da ya zama gwarzon shekara sau biyu a rigar nan, 2005 da 2007?"

Na ce mutumin da aka dakatar kakar 2014 sukutum saboda maganin ƙara kuzari ba zai hau bangon da yara ke kallo ba. Graig Nettles ya tsare zangon nan kaka 11, ya fi kowa homron a rukuninsu a 1976, kuma wanda ya kalli yadda ya riƙa shawagi yana tare ƙwallaye a wasa na uku na World Series ɗin 1978 ba zai raina shi ba.

"To Yaya, Nettles ɗin naka ba shi ne kulkinsa ya fashe a 1974 ƙananan ƙwallayen roba suka zubo daga ciki ba?"

Na yi shiru, don haka aka yi. Daga ƙarshe na ce masa bangon dai nawa ne. Yaron kwamfuta na ta dariya ƙasa-ƙasa, bai san kowa a cikinsu ba amma ya gane an kayar da ni.

Saura mai bugu zalla. Reggie Jackson ya buga homron uku a wasa ɗaya a daren da aka ɗauki kofin 1977, kowanne a jifan farko, amma kaka biyar kawai ya yi a ƙungiyar. Na ba Aaron Judge, ƙaton nan da ya haura mita biyu, wanda ya buga 62 a 2022 ya wuce 61 na Roger Maris da ke tsaye tun 1961. Shi kaɗai ne a cikinsu na kalla da idona yana wasa a daren da ake yin sa, kuma ina son a samu ko mutum ɗaya a bangon da zan ce wa yaro, wannan jiya ma ya buga.

Nan ne yaron ya yi abin da ya sa na ce kuɗin zanen nan bai faɗi ƙasa banza ba. Yana shigar da lambobi sai ya tsaya cak.

"Kawu, ka lura kuwa? Biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. A jere suke fa."

Ni da na yi wata ina juya sunayen nan ban gani ba. Jeter 2, Ruth 3, Gehrig 4, DiMaggio 5, Lazzeri 6, Mantle 7, Berra 8, Nettles 9. Asalin abin, da ƙungiyar ta fara sa lamba a riga a 1929, bisa jerin masu bugu aka raba, Ruth na uku yake fitowa, Gehrig na huɗu, Lazzeri na shida. Yau daga 1 zuwa 10 duk an jingine su, ba mai sake sawa, ko da yake 6 da sunan koci Joe Torre aka jingine ta, 9 kuma da sunan Maris. Yaron ya ce a jera takwas ɗin a sama, kowa ya samu ƙafa ɗaya daidai, huɗun da suka rage, Ford 16, Stengel 37, Rivera 42, Judge 99, su zauna a ƙasa biyu-biyu, tambarin a tsakiyarsu. Na tura wa ƙanina saƙo cewa Rodriguez lamba 13 ne, ko lissafi ma bai yarda da shi ba.

Yanzu sai inda aka samu tangarɗa. Yawancin hotunan tsofaffi ne, fari da baƙi. Washegari da na leƙa, na tarar yaron ya zuba su cikin wata manhaja mai sa wa hoto launi, don a ganinsa ya kyautata mini. Gehrig ya fito da jan leɓe da kumatu sumul kamar jarumin fim ɗin Indiya, layukan rigar DiMaggio sun koma ruwan hoda. Na ce a mayar da kowa yadda yake. Bai yi gardama ba, minti goma ya gyara. Wannan ban riƙe shi laifi ba, tunda a kan kwamfuta aka tare shi.

Alhamis ta zo, aka ce Asabar. Asabar aka ce an ɗauke wuta kuma janareta na wurin gyara. Litinin da na je da kaina na ga injin na aiki garau, sai dai allunan bikin yaye ɗalibai na wata makaranta yake fitarwa, aikin da ya zo bayan nawa. Na gane babban ciniki ne ya ture ƙarami. Ban ƙi ba, kowa na son kasuwa, amma da an gaya mini haka tun farko da ban yi zarya sau uku ina barin mutane a layi ba. Sai ranar Talata da la'asar aka kira ni.

Aka shimfiɗa shi a ƙasa. Baƙin ya fito baƙi ƙirin, farin fes, rubutun raɗau, har zaren ɗinkin safar hannun Berra ana gani. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina zuwa lamba 3 sai gabana ya faɗi. Ruth ne, ba shakka, amma siriri, matashi, kuma a ƙirjinsa an rubuta Red Sox ɓaro-ɓaro.

"Mi ya faru nan?"

"Kawu, hoton da ka kawo fashewa yake in an ja shi. Shi ne na nemo wani a intanet wanda ya fi fita. Ai shi ne dai, ko?"

Shi ne, kuma ba shi ba ne. Red Sox ta Boston ita ce babbar abokiyar gabar Yankees, kamar a ce Madrid da Barcelona. A can Ruth ya fara, yana mai jifa, kafin su sayar da shi a ƙarshen 1919 kan dala 100,000. Kafin cinikin Yankees ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, ta fara a 1923, yau tana da 27. Boston kuwa daga 1918 ba ta sake gani ba sai 2004, shekara 86. Wato a duk hotunan Ruth da ke duniya, wanda bai kamata ya hau bangona ba shi yaron ya zaɓo. Laifinsa ba neman wani hoton ba ne, gaskiya nawa ba shi da kyau. Laifinsa bai kira ni ba, alhali lambata na rubuce a kan rasit.

Da farko Alhaji ya ce a buga sitika a manna a kan wurin. Na ce Alhaji, bangon nan fitila biyu ke haska shi, tabon zai fito. Ya yi jim, ya dubi yaron, ya dubi ledar, sannan ya ce a sake bugawa gaba ɗaya, in biya rabin kuɗin leda, shi ya ɗauki rabi. Na so a ce ban ƙara ko kwabo ba, tunda ba ni na sauya hoton ba. Amma bai ɗaga murya ba, bai ce ai duk ɗaya ne ba, bai kuma ci mutuncin yaron a gabana ba, kuma washegari kafin azahar sabon ya fito. Na biya 8,000 a kan cikon da ake bi na.

Rigunan su ma da nasu labarin. Na ce 4 a tawa, 99 a ta ɗana. Lambobin sun zauna daram a tsakiya, shuɗi mai duhu kamar yadda na nuna. Sai dai a saman kowace an ƙara suna, GEHRIG da JUDGE, wai kyauta ce daga shago saboda jinkirin da aka yi. Yankees kuwa ba ta rubuta sunan ɗan wasa a bayan riga, ko a gida ko a waje, lamba ce kawai. A nan kam ban ga laifinsu ba. Duk jesin da suka taɓa bugawa da suna yake, ni ne ban faɗa ba. An ce in an ɓanɓare zai bar shaida, sai na haƙura. Ɗana ma cewa ya yi, "Abba, ai tawa ta fi kyau a haka." Bayan wanki biyar gefen 9 ɗaya ya fara ɗagowa, na mayar, suka sake danna shi ba su karɓi komai ba, suka ce a riƙa juya rigar ciki-waje kafin wanki, kada kuma dutsen guga ya hau kan lambar. Tun daga nan ba ta sake motsi ba.

Fileks ɗin yanzu wata biyar ke nan a bango. Ya sha ƙurar hunturu da gashin da kilifa ke watsawa, tsumma mai ɗan ruwa kawai nake sa wa ya dawo sabo. Launi bai dushe ba, amma a cikin ɗaki yake, rana ba ta dukansa. Naɗin bakinsa ya riƙe, zoben ƙarfe ɗaya daga cikin shida na ratayewa ne ya fita tun makon farko, na sa ƙusa da marfin kwalba.

Zan koma? Zan koma, har na tura musu mutum biyu. Injinsu na da kyau, farashinsu bai fi na sauran gari ba, yaron kuma na da ido. Amma in aikinka ba irin wanda suka saba ba ne, ba biki ba, ba siyasa ba, ba Madrid ba, to kada ka bar wurin sai ka ga zanen ƙarshe a kan kwamfuta, ka ce a turo maka shi ta WhatsApp kafin a danna bugawa, ka kuma faɗi abin da ba ka so a yi, ba abin da kake so kaɗai ba. Ranar da suka sa maka, ƙara mata kwana biyar.

Musun da na yi zaton na kashe kuwa bai mutu ba, salo ya sauya. Wani malamin makaranta da nake yi wa aski ya ƙare wa bangon kallo ya ce, layin sama kusan duk Turawa ne, ina baƙaƙen? Tambayar ta zauna. Har 1947, lokacin da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers, ba a barin baƙar fata ya buga babbar gasar, don haka Ruth da Gehrig da Lazzeri duk bajintarsu ba su taɓa karawa da gwanayen baƙaƙe a gasar ba. Yankees ma sai 1955 ta sa na farko, Elston Howard, wanda ya zama gwarzon shekara a 1963, kuma yana cikin 13 da na yar a shagon. Na nuna wa malamin 42 ta Rivera, na ce lambar Robinson ce, an jingine ta a duk ƙungiyoyi a 1997, Rivera ne na ƙarshe da aka bari ya ci gaba da sa ta har ya yi ritaya a 2013. Ya ce wannan bayani ne, ba amsa ba. Da akwai ƙafa ɗaya ta ƙari a bangon, Howard zan sa.

Fileks ɗin da aka ɓata, Alhaji ya ce in tafi da shi. Mai shayin da ke gefena ya karɓa ya yi rumfa, Ruth na Boston na kallon tukunyar ruwan zafi. Ƙanina da ya gani a kiran bidiyo ya ce nan ne daidai da shi.

Makon jiya wani yaro ya shigo, ya tuɓe hana-sallarsa mai N da Y ya ajiye a tebur, ya hau kujera, ya ɗaga kai yana bin bangon da kallo daga 2 har 99. Na ɗauka tambarin ya gane, har na fara gyara murya.

"Oga," ya ce, "to ai duk sun sa hula. Ta ina mutum zai zaɓi aski?"